Wurin Kwanan Mutumin Sham

Ɗakin da na fara zama a Dubai yana bayan babban titin Al Rigga, a wani tsohon bene da na'urar hawansa ke aiki ranar da ta ga dama. A irin gidajen nan ba ɗaki ake haya ba, gado ake haya. Gadajen ƙarfe ne masu hawa biyu, an jera su jikin bango, kowa da nasa, akwatinsa a ƙarƙashi. Wanda bai taɓa zama a irin wannan wuri ba, ba zai gane abin da ya faru ba sai an fara gaya masa dokar ɗakin. Don haka da ita zan fara.

Dokar ita ce, sabon zuwa sama yake kwana, babba kuma ƙasa. Idan wani gadon ƙasa ya rasa mai shi, babban ɗaki ne ke da zaɓi a kansa. Ba a rubuta ta ko'ina ba, amma ban taɓa ganin wanda ya karya ta ba. Wakilin mai gidan ba ruwansa da wanda ya kwanta ina, muddin an sallame shi a ƙarshen wata. Aibin dokar ɗaya ne, ba ta fayyace wane ne babba ba, wanda ya fi shekaru ko wanda ya fi daɗewa a ɗakin. Shekara da shekaru ba wanda ya lura da wannan giɓi, saboda babu abin da ya taso.

Bayan doka sai mutane. Mu biyar ne. Akwai Kawu, ƙanen mahaifiyata, Bakano, shi ya kawo ni ban cika shekara ashirin ba, in taya shi aikin tura kaya gida a kwantena. Gadonsa na bakin ƙofa, duk mai shiga da mai fita sai ya buge masa ƙafa. Akwai Alhaji, mutumin Damagaram, dillalin motoci, ya girmi Kawu amma Kawu ya riga shi shiga ɗakin. Gadonsa na ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, wadda ke ɗiga masa ruwa a kafaɗa. Akwai wani Kirista mutumin Filato da muke kira Injiniya, gyaran irin waɗannan na'urori ne sana'arsa, yana kwana a saman Kawu. Ya gyara na rabin unguwar, tamu ce kawai ta gagare shi, ko kuma bai so ba, don ya ce ɗigar tana tashin Alhaji sallar asuba. Sai ni. Sai kuma wanda nake kwana a samansa, wani dattijo mutumin Sham da ke gasa gurasa a wani gidan burodi a bayan layi. Ammu muke ce masa, wato baffa da Larabcinsu.

Ammu ya riga kowa zuwa ɗakin, tun lokacin da Larabawa ne a ciki. 'Yan uwansa suka watse ɗaya bayan ɗaya, Hausawa suka cika wurin, shi bai motsa ba. Gadonsa na kusurwa. Nesa da ƙofa, nesa da ɗiga, ga wurin saka caja daidai kansa, ga taga, ga ɗan kanta a bango. Abin da ya fi duka, a gefensa akwai ɗan fili da ya isa mutum ɗaya ya shimfiɗa darduma ya fuskanci alƙibla ba tare da ya ture akwatin kowa ba. A duk ɗakin nan ne kaɗai. Duk mai son yin sallah a ciki sai ya ce, "Ammu, da izini," shi kuma ya janye ƙafarsa ya ce, "Tafaddal," wato bisimilla.

A shekarun nan ne yaƙi ya ɓarke a ƙasarsu. Muna da ɗan talabijin a kan firij, kullum da yamma sai an kunna labarai. Kawu yana da tashar da yake yarda da ita, Alhaji yana da tasa, kowace tasha kuma da manyan ƙasashen da take wanke wa da waɗanda take zarga. Sai gardama ta kaure. Kawu ya ce wa Alhaji ɗan Faransa, Alhaji ya ce masa ɗan Ingila, daga nan su koma kan tsohon yaƙin Kano da Damagaram, kowa ya ce kakanninsa ne suka kori na wani har gida. Injiniya ya leƙo daga sama ya ce shi dai a bar masa Urushalima lafiya har ya tara abin zuwa ziyara. Kawu ya ce sunanta Ƙudus. Injiniya ya ce to a bar masa ita da kowane suna.

Ammu ba ya shiga gardamar. Yana zaune yana jan carbi, idonsa a kan hotunan gidajen da suka rushe, yana neman layin da ya sani.

Wata Juma'a muna cin abinci a faranti ɗaya, ya gaji da surutunsu. Ya ɗauki gurasa guda ya shimfiɗa a tsakiya. Larabcina a lokacin na makarantar allo ne da ɗan na kasuwa, Alhaji ne ke cike mini inda na rasa. Ammu ya ce kakansa yana saurayi kamar ni lokacin da babban yaƙin duniya na farko ya zo ƙauyensu kusa da Ƙudus, tun kafin danginsu su koma inda suke yanzu. Turkawa ne ke mulki, suna kwashe samari da alfadarai da hatsi, har mutane suka koma cin ciyawa. Sai Turawan Ingila suka zo suka ce wa Larabawa, ku taya mu, idan an gama ƙasar taku ce. Suka juya suka yi wa wasu irin wannan alkawari a kan ƙasar nan dai. Alhali tun kafin nan sun zauna da Faransa a ɗaki sun ja layi. Ya kama gurasar ya yaga biyu, ya miƙa wa Kawu rabi, ya miƙa wa Alhaji rabi.

"Mai gurasar fa?" in ji Injiniya.

Ammu ya buɗe tafin hannunsa babu komai, ya yi dariya.

Alhaji ya ce, "Ai mu ma mutanen nan biyu ne suka yaga mu. In ba haka ba me ya raba Katsina da Maraɗi?"

Kawu ya ce, "Allah ne ya taimake mu aka yage ku."

Aka yi dariya aka ci gaba da ci. Ni kuwa na riƙe labarin tsaf, musamman wurin alkawari biyu a kan ƙasa ɗaya. Ban san zai yi mini amfani ba.

Ba a daɗe ba waya ta daina shiga unguwar su Ammu. Matarsa da 'ya'yansa suna can. Ya nemi hutu a wurin aiki, ya sallami wakilin mai gida na watannin gaba, ya haɗa 'yar jaka. Ranar tafiyarsa bai kira Kawu ba, bai kira Alhaji ba. Ni ya kira, a gaban kowa. Ya dafa katifar ya ce, "Ya waladi, ɗana, wannan amana ce a hannunka. Ka riƙe mini har in dawo." Na ce to. Na raka shi tashar jirgin ƙasa ta Al Rigga da jakarsa, ya shiga, ƙofa ta rufe.

Ina ganin ya zaɓe ni ne don ni kaɗai ne ba ni da hakkin gadon a dokar ɗaki. Wanda ba zai iya ci ba shi ake ba ajiyar nama.

Makon farko ba wanda ya tayar da maganar gadon. Na gyara shimfiɗar, na ja bargo, kullum ina kakkaɓe ƙura. Ban taɓa ko zama a kai ba. A gidanmu yaro ba ya hawa gadon babba, ko mai shi yana nan ko ba ya nan, haka aka tashe ni.

A mako na biyu Kawu ya fara. Muna sito muna lissafa katan-katan na turare, ba tare da ya kalle ni ba ya ce, "Kai, wa ya kawo ka ƙasar nan?"

"Kai ne, Kawu."

"Madalla. Mutumin nan ya shiga wuta, Allah ya fito da shi. Amma idan bai fito ba, ka san wanda ya fi daɗewa a ɗakin nan."

Washegari Alhaji ya tare ni a bakin gini, ya ja ni shagon mai shayi, abin da bai taɓa yi ba. Ya sa aka kawo mini shayi mai kauri da soyayyen ƙwai a cikin burodi. Ya jira na kai rabi sannan ya ce, "Ɗana, kai yaro ne mai tarbiyya, ba kamar wasu danginka ba. Dubi furfurar nan. Dubi kafaɗar nan, kullum a jiƙe kamar ta mai ga-ruwa. A addini da al'ada, wa ake fara ba wuri?"

A nan na yi lissafina. Idan na ce wa Kawu a'a, kawuna ne, ba a yi. Idan na ce wa Alhaji a'a, zai kai maganar gaban ɗaki, a yanke hukunci, ko ta wace hanya gadon ya tafi. Abin da nake bukata lokaci ne kawai. Sai na tuna gurasar Ammu.

Na ce wa Alhaji, "Naka ne. Amma ka yi shiru, kada Kawu ya ji, kuma ka jira bizar Ammu ta mutu." Kowa a Dubai ya san wanda ya wuce wata shida a waje izinin zamansa ya lalace. Alhaji ya ce, "Dakor," wato ya yarda da Faransancinsu, ya ƙara mini ƙwai.

Da yamma na sami Kawu na ce, "Kawu, ai naka ne. Amma kada Alhaji ya ji, zai ce mun yi son kai na dangi. A jira bizar ta mutu." Kawu ya gyaɗa kai ya ce ashe dai ina da hankali.

Ba ni na ƙirƙiro dabarar nan ba, manyan dauloli ne suka riga ni, kuma su sun yi ta ne don su cinye, ni na yi don in ajiye. Har yau ban ga abin kunya a ciki ba.

Ta yi aiki fiye da yadda na zata. Kowannensu ya zama mai gadin gadon, tunda yana ganin kayansa ne. Wani baƙo daga Kano ya zo sarin kaya, ya nemi ya kwana biyu a kai, Alhaji ya tashi tsaye ya ce amanar bawan Allah ce, ba za a taɓa ba. Wani ɗan uwan Alhaji ya zo daga Agadas, Kawu ya kawo hadisi a kan amana har da fassara. Injiniya yana sama yana kallo, ya ce bai taɓa zama da masu tsoron Allah irin waɗannan ba.

Sai dai mai jiran gado ba ya iya zama hannu rabbana. Abin ya tafi a jere kamar haka. Da farko cajar Kawu ta koma ramin da ke kan gadon, wai nasa ya lalace. Da Alhaji ya gani, sai ya shimfiɗa dardumarsa a ɗan filin, ya daina naɗewa bayan sallah. Kawu ya tura katan ɗin samfurin atamfa ƙarƙashin gadon. Alhaji ya ɗora butarsa da gwangwanin zumarsa a kan kantar bangon. Kawu ya rataye babbar rigarsa a ƙarfen gefe. Alhaji ya rataye hularsa a kan rigar. Kowa na ganin ɗayan wawa ne da ke ƙawata gidan da ba nasa ba. Ni kuwa shayi da ƙwai bai yanke mini ba, Kawu ma ya daina aikena sito da tsakar rana.

Labarin Ammu shiru. Sau ɗaya ya kira daga kan iyaka, muryarsa na yankewa, daga nan lambar ta mutu. Wata rana aka nuna unguwar da yake yawan ambata a talabijin. Babu gini ɗaya da ke tsaye da rufinsa. Kawu ya miƙa hannu ya rage murya, Alhaji ya ce innalillahi, ranar ba a yi gardama ba. Na kalli gadon, bargo a ja, matashi a wurinsa. A raina na ƙudurta cewa ranar da wani ya kwanta a kansa da sunan nasa ne, ranar muka yarda Ammu ya mutu. Ni ban yarda ba.

Asiri ya tonu ta hanyar zanen gado. Da watannin suka kusa cika, Alhaji ya kasa haƙuri, ya sayo sabon zane mai ruwan ƙasa. Wata Juma'a bayan masallaci ya warware shi yana gwadawa a kan katifar Ammu.

Kawu ya ce, "Alhaji, ba ka da lafiya ne? Ga gadonka can yana ɗiga."

"Bon, gwadawa kawai nake."

"Ana gwada riga a jikin wanda ba zai sa ba?"

"Wa ya ce maka ba zan sa ba?"

"Ni na ce. An riga an ba ni."

"Wa ya ba ka?"

"Mai ajiyar."

Alhaji ya saki zanen. Ya juyo a hankali. Kawu ma ya juyo. Ina tsugune ina yanka albasa, sai na ga duk su biyun ni suke kallo. Injiniya ya ja bargo ya rufe fuskarsa, gadon sama yana girgiza.

Na zaci duka zan sha, ko aƙalla zagi. Ba su yi ko ɗaya ba. Kawu ya ciro kuɗi ya ce in je in sayo shayi, kuma kada in sayo na ƙasan gini, in je na can bayan tasha. Na gane kora ce. Na tafi.

Ina dawowa na tarar da Injiniya zaune a matakala yana jirana. Ya ce, "Ƙanena, an gama da kai. Sun shirya."

"Sun shirya yaya?"

"Kawunka ya ɗauki gado da wurin caja. Alhaji ya ɗauki katifa da kantar bango da filin sallah. Tagar ta kowa ce. Juma'a mai zuwa bayan masallaci za a kwashe. Har hannu suka yi, na gani da idona. Shekara nawa ina ɗakin nan ban taɓa ganin sun yarda da juna ko a kan ganin wata ba, sai yau."

Na ce, "Amma bizar ba ta mutu ba tukuna."

"Sun ce sauran kwanakin ai ka riga ka cinye su a shayi da ƙwai." Ya karɓi kofi ɗaya daga hannuna ya kurɓa. "Kai ma da laifinka. Ka bar wuri fayau babu kowa a kai, kana kakkaɓe shi kullum kamar amarya, sannan ka ce kada a yi sha'awa? A garinmu gonar da ba a ga mutum a ciki ba ita ake ja wa iyaka."

"Ba zan iya hawa gadon babba ba."

"To kada ka hau. Juma'a ka taya su ɗaukar katifa."

Mako guda ina juya maganar. Abu biyu aka koya mini a gida, kada ka hau gadon babba, kuma kada ka saki amana. Ban taɓa zaton za su yi karo ba. Na auna su, na ga ɗaya ladabi ne, ɗaya kuma amana ce a wuya, ranar lahira ita za a tambaya.

Ranar Juma'a ana sallame sallah ban tsaya gaisawa da kowa ba. Na ratsa ta bayan shagunan canji, na hau bene da ƙafa. Na sauke rigar Kawu da hular Alhaji na ajiye wa kowa a gadonsa, a ninke. Na mayar da buta da zuma da katan, kowanne wurin mai shi. Na naɗe darduma. Sannan na yi bisimilla na kwanta a gadon Ammu, na ja bargo har ƙirji.

Suka shigo tare suna hira kamar aminai. Kawu ne ya fara ganina.

"Tashi."

"Kawu, ka yi haƙuri."

"Na ce tashi."

"Ajiya ce, Kawu. Ba tawa ba ce balle in bayar."

"Da ka bayar sau biyu fa?"

"Shi ya sa yanzu na zo in karɓe."

Tun da aka haife ni ban taɓa zama a kwance Kawu yana tsaye ba. Ina kallon ƙarfen gadon sama don kada mu haɗa ido. Alhaji ya zauna a bakin gadonsa, ya cire hula, ya ce, "Bakano, a gidanka aka yi juyin mulki. Mu a wajenmu aƙalla soja ne ke yi."

Wannan ta fi komai ƙona Kawu. Ya ce shi ya kawo ni, shi zai mayar da ni, jirgin jibi ma akwai wuri. Ya ciro waya ya kira mahaifiyata, ya buɗe murya don kowa ya ji yadda za a yi mini. Ya zayyana mata komai, ya ƙara da gishiri.

Ta saurara har ya gama. Sannan ta ce, "Tsaya. Balaraben cewa ya yi ya bar masa, ko cewa ya yi ya riƙe masa?"

Kawu ya ce, "Yaya, ba wannan ce maganar ba."

"Ita ce. Wanne ya ce?"

"Riƙewa."

"An kawo muku labarin rasuwarsa?"

"Ba a kawo ba, amma ai kin ga yadda ƙasar..."

"To me kake so yaro ya yi? Kai ba ga irinta ba, da Inna ta tafi Makka ta bar maka tunkiyarta, ta dawo ta tarar da igiya?"

Alhaji ya ce, "Allahu akbar. Hajiya, a ƙara bayani a kan tunkiyar nan."

Kawu ya yi sauri zai rufe muryar, amma ta riga ta ce a ba ni. Na karɓa ina kwance.

"Kai kuma, an ce kana kwance kawunka na tsaye?"

"E, Umma."

"Ban haifi marar kunya ba. Tashi zaune yanzun nan. Ka gaishe shi, ka ba shi haƙuri." Sannan ta ƙara da cewa, "Amma kada ka sauka daga kan gadon."

Haka aka yi. Na tashi zaune a tsakiyar katifa, na sunkuyar da kai, na ce Kawu ya yafe mini. Alhaji ya ninke sabon zanensa yana cewa shi dai a rayuwarsa bai taɓa cin riba a hannun Kanawa ba, manya da yara.

Daga ranar na koma kwana a gadon. Sai dai na juya, kaina a wajen ƙafa, don ban iya ɗora kaina inda Ammu ke ɗora nasa ba. Shayi da ƙwai ya yanke. Kawu ya daina yi mini magana sai ta aiki, ita ma ta bakin wani, "A gaya wa mai gadon can kwantena ta iso." Aikin tsakar rana ya dawo, har da ƙari. Duk wanda zai yi sallah a ɗan filin sai ya shimfiɗa darduma bai ce komai ba, ni kuma in janye ƙafa ban ce komai ba. Kullum ina lissafin abin da zan yi idan bizar ta mutu, ban samo amsa ba. Ban gaya wa kowa haka ba.

Saura kaɗan wa'adin ya cika, wata ranar aiki bayan la'asar, muna ɗaki saboda zafi ya hana fita, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Injiniya ya buɗe. Ammu ne, da 'yar jakar da ya tafi da ita. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, gemunsa ya yi fari fat. Kawu ne ya fara rungume shi, Alhaji yana ta hamdala. Aka zaunar da shi, aka kawo ruwa. Ya ce ya fitar da matarsa da 'yan matansa zuwa Urdun, ƙasar da ke maƙwabtaka da su, suna wurin dangi. Babban ɗansa ba a same shi ba.

Na tashi na cire zanena, na mayar da bargonsa da matashinsa yadda ya bar su. Na ce, "Ammu, ga ajiyarka."

Ya dafa kaina. Ya zauna a bakin gadon, ya kwanta a hankali. Bai yi minti ɗaya ba ya tashi zumbur yana haki, ya fito ya tsaya tsakiyar ɗaki. Ya ce rufin matakala ya faɗo musu a can, ya daɗe a ƙarƙashi kafin a ciro shi. Tun daga lokacin ba ya iya kwanciya da wani abu dab da fuskarsa. Ya ɗaga kai ya dubi gadona na sama. Rufin tsohon ginin nan da tsawo yake, tsakaninsa da gadon akwai sarari sosai.

Ya ce, "Habibi, ni zan hau can."

Na ga Kawu ya gyara zama. Na ga Alhaji ya saci kallon akwatin da zanen yake ciki. Kawu ya yi gyaran murya ya ce, cikin ladabi, to ke nan gadon ƙasa ya rasa mai shi, kuma a dokar ɗaki...

Ammu ya ɗaga hannu. "La, la. Bai rasa ba. Musaya muka yi da yaron nan. Ya ba ni nasa, na ba shi nawa. Halas."

Na ce, "Ammu, ba ya yiwuwa, kai a sama ni a ƙasa."

"Ni na roƙa. Za ka hana ni?"

Alhaji ya dubi Kawu ya ce, "Bakano, mun yi gadi wata da watanni, mun kawo hadisi, na sayi zane, na sayi ƙwai. Ka ga wanda ya ci."

Kawu ya ce, "Jininmu ne dai. Gadon bai bar Kano ba."

"Yanzu kuma ya zama jininku?"

Ammu ya riga ya cire takalmi ya kama tsanin ƙarfe. Gwiwarsa ba ta da ƙarfi, gadon ya fara karkata. Injiniya ya tallafe shi ta baya yana cewa shuwayya shuwayya, wato a hankali, ni na rungume ƙafar gadon da hannu biyu. Sai na ji muryar Kawu a kaina, karo na farko tun ranar wayar da ya yi mini magana kai tsaye.

"Riƙe ƙarfen nan da kyau, kai. In ya faɗo, ajiyarka ce."